Yadda Ake Zaɓen Gidan Rawa a Akra Idan Za a Fita da Tawaga

Da zarar Disamba ta kama, akwai saƙon da na san sai ya shigo wayata: "Yaya, baƙinmu na nan tafe, ina za mu kai su?" Wani lokaci abokan ango ne ke son fita bayan an watse daga walima. Wani lokaci ɗan'uwa ne ya dawo daga Jamus ko Amurka yana so a san ya dawo. Wani lokaci kuma abokan kasuwanci ne daga Kano ko Yamai, sun gaji da kallon Akra a TikTok, suna so su gani da idonsu. Ni a unguwar Nima da ke cikin Akra aka haife ni, kuma tun da aka gane ba na yar da rasit aka maida ni ma'ajin kowace fita. Abin da zan faɗa a nan a wannan kujerar na koye shi.

Tun 2019, shekarar da gwamnatin Gana ta yi gangamin gayyato baƙaƙen fatar ƙetare su dawo gida, ƙarshen shekara a Akra ya zama wata kasuwa ta daban. Jirage na sauke mutane daga Landan da Amurka da Legas, otal-otal su cika, teburin manya a gidajen rawa kuwa ya zama kamar rago ana gobe Sallah: mai shi ne ke yanka farashi.

Ba wa'azi na zo yi ba, kowa ya san abin da addininsa ya ce, kuma wanda ya ga zama a gida ya fi masa bai yi asarar komai ba. Amma ga wanda ya riga ya ƙudura fita, akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da sauran jama'a. Yawancinmu ba ma shan giya, su kuwa waɗannan wurare da kwalba suke lissafin tebur. Kusan duk rigimar da na taɓa gani daga nan take tasowa.

Fara da ƙirga mutanenka

Kuskuren da aka fi yi shi ne wani ya jefo sunan kulob a zauren WhatsApp, kowa ya ce "ya yi", sai daga baya a fara ƙirga kai. Kai ka fara da biro da takarda. Rubuta waɗanda suka tabbatar da zuwansu, ban da masu cewa "bari in duba". A gaban kowane suna ka tambayi kanka: wannan rawa ya zo yi ko hira? Yana sha ko ba ya sha? Akwai mata a tawagar? Akwai wanda in hotonsa ya fita a Snapchat gidansa zai kama da wuta? Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba ya cikin lissafi, komai tsawonsa, komai magiyarsa.

Adadi na da muhimmanci. Teburan da na saba gani mutum 6 zuwa 8 suke ɗauka a sake. In kun kai 12, tebur biyu maƙwabta kuke nema, kuma tun farko za ka faɗa, domin ba a ja wa mutum kujera da ƙarfe 2 na dare a ɗakin da ko tsayuwa sai an yi dabara.

A gama maganar kuɗi da rana

Wannan ne matakin da kunya ke ɓatawa. Kowa na jin nauyin ya ce "nawa za ka iya?", sai a tafi a kan "za mu gani a can", a can ɗin kuma ba a ganin komai sai fuskar wanda ya fi kowa kunya yana ciro katinsa. Tun ran gini tun ran zane. A yanka abin da kowa zai bayar, a yi karo-karo, a tura wa mutum ɗaya ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, kwana 2 ko 3 kafin ranar. Wanda kuɗinsa bai shigo ba, kujerarsa ba ta tabbata ba. In don ango ake fitar, ango ba ya biya, a raba kasonsa a kan sauran.

Ka faɗi adadin a rubuce, da lambobi. Tun 2007 aka sauya kuɗin Gana, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har yau akwai yayyenmu da in sun ce "miliyan ɗaya" sidi 100 suke nufi. Na ga inda wani ya bugi ƙirji ya ce ya ɗauki miliyan biyar, baƙon Kano ya miƙe ya rungume shi, ashe sidi 500 ake magana.

Sai rabon da nake ganin ya fi adalci. Asusun kowa da kowa ya ɗauki kuɗin tebur, abinci, lemo, ruwa da mota. Wanda yake son kwalba ya buɗe nasa lissafin daban, da sunansa. Da haka kuɗin wanda ba ya sha bai shiga abin da ba zai so ya shiga ba, mai sha kuma ba wanda zai bi shi da harara. Ka kuma ware wani abu a gefe, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara, kada ka gaya wa kowa yana nan.

Wane irin wuri?

Sai yanzu za a yi maganar suna. Wuraren dare na Akra ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a hoto duk fitilu ne masu launi.

Akwai gidan rawa na sosai, rufaffe, mai sanyin na'ura da kiɗan da kake ji a haƙarƙari. Twist da ke Labone na cikin waɗanda sunansu ya daɗe a bakin mutane. Irin waɗannan ba sa cika sai dare ya raba, kuma ba wurin hira ba ne: in kana son gaya wa na kusa da kai magana sai ka kai baki kunnensa. Tawagar samari da ƙafarsu ke ƙaiƙayi, nan ne wurinsu. Alhajin da ya zo a ƙulla maganar kwantena, kada ka kai shi.

Akwai buɗaɗɗen wuri mai iska, irin Bloombar a Osu, inda ake zama, ake ci, kiɗa na ƙaruwa sannu a hankali har wurin ya rikiɗe. Tawagar da ta haɗa masu rawa da masu zama ta fi samun kanta a irin wannan, kuma nan na fi kai mutane.

Akwai na saman bene, irin Skybar 25 da ke kan doguwar hasumiyar Villaggio kusa da filin jirgi. Abin sayarwarsu shi ne kallon gari daga sama, sai dai a Disamba hazon hunturu kan rage nisan abin da ido zai hango. Wuri ne na fara dare, na cin abinci da ɗaukar hoto. Akwai na bakin teku a ɓangaren La, irin Sandbox da Polo Beach Club, waɗanda sukan fara tun da yamma. Akwai kuma +233, wanda ya ari sunansa daga lambar wayar ƙasar, inda makaɗa ke kaɗawa a gabanka da ganga da ƙaho da jita. In akwai mai furfura a tawagar, ko matan da ba sa son turereniya, ni nan nake fara tunani.

Wurare na buɗewa suna rufewa, wani ya canja suna, wani ya canja hannu. Kafin ka dogara da sunan da ka ji, duba shafinsu na Instagram ka ga yaushe suka sa hoto na ƙarshe. Ka lura da kiɗan daren da kuka zaɓa ma, domin wuri ɗaya kan yi amapiano yau, gobe tsohon hailaif, jibi asakaa ta samarin Kumasi. Ka kuma duba nisa. Daga Nima ko Mamobi, Osu da Labone da Airport duk kusa ne. East Legon da Spintex kuwa a daren Juma'ar Disamba sai ka tsufa a mota.

Zaɓi wuri 3, kada ka wuce haka.

Kiran waya

A nan ake cin riba ko a tafka asara, don haka zan daɗe a kai. Ka nemi lambar da ke shafin wurin na ainihi. Akwai dillalai masu cin kamasho a kan kowane tebur, wasunsu mutanen kirki ne kuma suna da amfani a daren da wuri ya cika, amma kada kafin alƙalami ya shiga lambar MoMo ta wani mutum sai wurin da kansa ya tabbatar maka nasu ne. A Disamba shafukan bogi na tsirowa kamar naman kaza.

Tambaya ta farko: kuɗin da suka faɗa, kuɗin hayar tebur ne, ko mafi ƙarancin abin da dole a kashe a kansa? Yawanci na biyun ne, wato in an ce tebur sidi kaza, za ku yi ta oda har ku cike wannan adadin, in ba ku cike ba ma sai kun biya. Tambaya ta biyu ita ce tamu: abinci da lemo da ruwa da shisha suna shiga wannan lissafin, ko kwalabe kaɗai ake ƙirgawa?

Ban san muhimmancin wannan tambayar ba sai da ta cije ni. Wata Disamba mun fita mu 9 bayan ɗaurin auren wani abokinmu, ba mai sha a cikinmu ko ɗaya. Na biya rabi tun da rana, aka ba mu tebur mai kyau a lungu, muka yi ta odar gasasshen kifi da fukafukan kaza da soyayyen dankali da Malta Guinness, ina lissafi a waya ina murna mun kusa cikewa. Wajen ƙarfe 3 yarinyar da ke kula da teburinmu ta sunkuyo ta ce, "Bosu, har yanzu ba ku zaɓi kwalabenku ba." Na ce wane kwalabe? Ta buɗe wani ɗan littafi mai baƙar fata ta haska min da fitilar waya. Ashe duk abin da muka ci lissafinsa daban ne, kuɗin tebur na nan cif bai motsa ba. Ƙanin ango ya matso ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, koma ka yi rawarka. Na bi ta har wurin manaja, a wani ɗan ɗaki bayan kicin mai warin albasa da sabulu, muka yi minti 20 ana ja. Daga ƙarshe ya yarda ya maida wani kaso zuwa ruwan inabi marar giya, sauran ya tafi a banza. Kwalba 4 aka kawo mana da tartsatsin wuta a bakinsu, 'yan mata na ɗaga su sama, abokaina na ihu suna ɗaukar bidiyo, ni kaɗai na san kuɗin motar komawarmu ne ke ci da wuta. Laifin ba na wurin ba ne kaɗai, ni ne ban tambaya ba.

Wasu wuraren suna yarda a cike da abinci da abin sha marar giya, musamman masu kicin na gaske. Wasu ba sa yarda sam. In amsar "a'a" ce kuma tawagarka ba masu sha ba ne, ka yi godiya ka ajiye waya, ko da wurin ya fi ko'ina suna a gari.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Farashin ya haɗa da haraji? A Gana harajin VAT kashi 15 cikin 100 ne, ga na inshorar lafiya kashi 2.5, ga na asusun ilimi kashi 2.5, ga na yawon buɗe ido kashi 1. In ba a saka su a farashin takardar abinci ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne zai hau kan bil, kafin a zo ga ladan masu hidima da wasu wuraren ke ƙarawa da kansu. A ce kun ci na sidi 5,000, kada ka yi mamakin ganin abin da ya haura 6,000. Mutum nawa tebur ya ɗauke wa kuɗin shiga, kuma nawa ne kan wanda ya ƙaru? Zuwa ƙarfe nawa za su riƙe muku teburin kafin su ba wani? In an fasa, ana maida kafin alƙalami? Suna karɓar MoMo da kati, har da katin ƙasar waje? Ana barin kek ya shigo in bikin zagayowar haihuwa ne?

Duk amsar da aka ba ka, ka ce a rubuto ta a WhatsApp, har da lambar tebur da jerin farashi na wannan daren. Maganar baki ba ta da amfani a gaban ƙaton da ke tsaye a ƙofa.

Je ka gani

Zuwa da kai ya fi aike. In kiran waya ya zubar da ɗaya, tsakanin wurare biyun da suka rage, ka leƙa kowanne da wuri, wajen ƙarfe 9 ko 10, kafin a cika. Ka ce a nuna maka teburin da kansa. Wanda ke jingine da lasifika ba a ba ka shi don ƙauna ba, haka wanda ke kan hanyar banɗaki, inda duk mai wucewa sai ya goge ku. Wanda ke tsakiyar fili na masu son a gan su ne, ya fi tsada, kuma kowace kyamara a kansa take. Mutanenmu sun fi jin daɗin na gefe mai ɗan tudu, baya ga bango, ana ganin fili ba a cikinsa ake ba.

Ka leƙa banɗaki, domin shi ke faɗin gaskiyar wuri fiye da fitilun ƙofa. Ka nemo ƙofar fita ta biyu da idonka, ka tabbata ba a jibge akwatunan lemo a gabanta ba. Ka tambaya ko suna da janareta mai ɗaukar na'urar sanyi in an ɗauke wuta. In akwai mai asma ko mai ciki a tawagar, ka duba ina masu shisha suke zama. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a sai a keɓaɓɓen wuri, amma ba ko'ina ake raba su yadda ya kamata ba.

Rana da lokaci

Juma'a da Asabar su ne manyan darare. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kuwa kowane dare Asabar ne, kuma makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ya fi kowane tsada. In baƙinka za su iya, fitar farkon wata ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A wajen Mayu zuwa Yuni kuma masarautar Ga, ƙabilar da ke asalin mutanen Akra, kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda gabanin bikin Homowo, kuma buɗaɗɗun wurare sun fi jin wannan a jikinsu, don haka ka tambaya.

Kada ka kai mutane rufaffen kulob da ƙarfe 10, za ku tarar ana goge kofuna. A fara da abinci a wani wurin, a isa wajen 12, a dai kiyaye lokacin da aka ce za a saki teburin.

Ƙofa

Silifas, gajeren wando da rigar ƙwallo na iya maida mutum gida. Kaftani mai guga da takalmi sau-ciki ban taɓa ganin an tare shi ba, amma ka tambaya tun a waya, har da maganar hula da ɗankwali, kada a ce wa matar wani ta cire a bainar jama'a. Kowa ya riƙe shaidarsa, Ghana Card ko fasfo. Ku iso tare, mai sunan teburin a gaba. Tawagar da ke zuwa ɗaya-ɗaya ita ke sa ma'aji ya kwana yana zirga-zirga tsakanin tebur da ƙofa.

A kan tebur

Mutum ɗaya ne ke oda. Ka gaya wa mai hidimarku tun zaman farko, cikin fara'a, cewa duk abin da bai fito daga bakinka ba ba ya kan bil ɗinku. Ka roƙi a buɗe kowace kwalba a gabanku, ta ruwa ce ko ta lemo. A tsakiyar dare ka nemi a nuna maka inda lissafi ya kai, kada ka jira ƙarshe lokacin da ido ya yi nauyi. Tebur mai kyau na jan baƙin da ba a gayyata ba, kowa da murmushinsa da ƙishirwarsa. Ku yanke tun a mota ko ana karɓarsu. Kada kowa ya bar kofinsa ya tafi rawa ya dawo ya ci gaba da sha, mata musamman, kuma kada a bar waya a kan tebur. Wanda ya ce ba ya son a ɗauke shi hoto, a ƙyale shi, ba sai ya ba da dalili ba.

In bil ya zo, haska shi ka karanta layi-layi kafin ka biya, ka duba an cire kafin alƙalamin da ka bayar. In an riga an saka ladan hidima, abin da za ka ƙara kyauta ce. In ba a saka ba, ka ba wadda ta yi ta kai da kawo dominku wani abu a hannunta.

Komawa gida

Maganar mota ana gama ta kafin a fito. Bolt da Uber da Yango duk suna aiki a Akra, amma a lokacin da kowa ke fitowa farashi na tashi, direbobi kuma na soke tafiya. Tawaga babba ta fi hutawa in ta ɗauki hayar ƙaramar bas da direban da aka sani, ya jira. In da motocinku kuka zo, wanda ya sha ba ya riƙe sitiyari, a nan kam tawagarmu ba ta rasa direba. Akwai shingayen 'yan sanda da dare, a rage gudu, a kunna fitilar cikin mota, lasisi na kusa. Lambar gaggawa 112 ce. A fara sauke mata a ƙofar gidajensu, a jira su shiga, sannan baƙi a masaukinsu, kuma kowa ya rubuta "na iso" a zaure.

Mu dai in mun shigo Nima mukan tarar masu koko sun fara hura wuta, ana jin kiran assalatu daga masallatai ta ko'ina, domin asubar Akra a Disamba ba ta kai ƙarfe 5. Daga cikin kuɗin da na ɓoye nake sayen koko da ƙosai na kowa. In na tashi barci kuma, kafin wani ya tambaya, nakan ɗauki hoton rasit in tura zaure, in rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe, in maida wa kowa canjinsa ta MoMo, ko da sidi 12 ne.